Tsautsayi da Lamuni: Ƙaddara da Alhakin Mai Mota a Hanyoyin Ƙonni, Malbaza da Illela

Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi ta Doso da Dogondutsi, tana isa Birnin Ƙonni bayan tafiyar kimanin kilomita 420, daga nan ta zarce gabas ta Malbaza da Galmi da Madawa har zuwa Maraɗi da Damagaram, kuma a Tsarnawa, 'yar tafiya kaɗan daga Ƙonni, wani reshe ya ɓalle ya yi arewa ta Badagishiri a gundumar Illela, ya nufi Tawa da Agadas. Kudu da Ƙonni kuwa, kilomita kaɗan ne tsakanin garin da iyakar Najeriya, inda wata Illelar, ta jihar Sakkwato, take karɓar matafiya da kaya. Saboda wannan haɗuwar hanyoyi, kwalta guda, wadda mai zuwa da mai dawowa duk suke bi ta kanta, ita ce take ɗaukar dogon baro mai lodin siminti daga masana'antar Malbaza, da manyan motocin albasar Galmi masu nufin kasuwannin Gana da Kodebuwa, da motocin dabbobi daga kasuwar Badagishiri, da dogayen motocin fasinja masu tafiyar dare, tare da 'yan kabu-kabu, da amalanken jaki marar fitila, da garken shanu masu tsallakawa, da yaran da aka aika. Inda abubuwa masu bambancin nauyi da gudu suka haɗu haka, haɗari ba ya zama baƙo, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa haɗarin hanya yana kashe mutum kimanin miliyan 1.19 a kowace shekara, cewa yankin Afirka ne ya fi kowane yanki yawan mace-mace idan aka auna da adadin jama'a, wato kusan mutum 19 cikin kowane 100,000, kuma cewa shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29.

Idan haɗari ya auku a wannan yanki, maganganun da ake ji a bakin hanya da wajen zaman makoki sanannu ne: a ce tsautsayi ne, wanda ba ya wuce ranarsa, a ce ƙarar kwana ce, a ce haka Allah ya ƙaddara. Babu ƙarya a cikin waɗannan kalmomi, domin imani da ƙaddara, wato yarda da cewa Allah ya san kowane abu, ya rubuta shi, ya nufe shi kafin aukuwarsa, yana cikin shika-shikan imani guda shida. Abin tambaya shi ne aikin da ake sa kalmomin su yi. Sau da yawa ana furta su ne don a rufe bincike tun ba a buɗe shi ba, ta yadda babu mai tambayar halin da birki yake ciki, ko shekarun tayar da ta fashe, ko awa nawa direba ya yi bai runtsa ba, kuma wanda ya nemi jin haka sai a dube shi kamar mai ja da hukuncin Ubangiji. Littattafan da ake karantawa a zaurukan malaman Ƙonni da ƙasar Adar sun daɗe da amsa wannan tambaya, kuma amsarsu ta fi abin da aka saba ji a tasha tsanani a kan mai mota.

Tun a ƙarnonin farko na Musulunci masana ilimin tauhidi suka yi jayayya a kan matsayin aikin ɗan Adam. Jabariyya, waɗanda ake danganta ra'ayinsu ga Jahmu ɗan Safwan, sun tafi a kan cewa mutum tilasta shi aka yi, ba shi da zaɓi a cikin abin da yake aikatawa, yayin da Ƙadariyya da Mu'utazilawa suka ce mutum shi ne mai samar da aikinsa da kansa. Imam Ash'ari, wanda ya rasu a ƙarni na 10 na Miladiyya, kuma wanda tafarkinsa ya daɗe da kafuwa a makarantun ƙasar Hausa, ya tsaya a tsakani da abin da ake kira kasbu, ma'ana Allah ne mai halittar aiki, amma bawa yana da niyya da zaɓin da suke sa aikin ya zama nasa, a ba shi lada ko a kama shi da laifi a kansa. Direban da ya ce ba ruwansa da duba birki tunda abin da aka rubuta ba makawa sai ya faru, ya ɗauki maganar Jabariyya ne ba tare da ya san sunanta ba, alhali malaman Sunna, da Ash'arawansu da waɗanda ba su ba, sun haɗu a kan ƙin ta, kuma Alƙur'ani a cikin Suratul An'am, aya ta 148, ya zargi waɗanda suka fake da nufin Allah don su wanke kansu daga abin da suka zaɓa da hannunsu.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wajen masu sakaci ita ce ta ajali, domin suna iya cewa: in har lokacin mutuwar kowane rai a yanke yake, ba ya gaba ba ya baya, to sabuwar taya ba za ta ƙara wa kowa kwana ɗaya ba, tsohuwa kuma ba za ta rage masa ba. Wannan magana ta cancanci a tsaya mata da kyau, domin rabinta gaskiya ne. Malaman Sunna sun tabbatar da cewa ko wanda aka kashe da takobi ya mutu ne a kan ajalinsa, saɓanin wasu Mu'utazilawa da suka ce makashin ya yanke masa kwanakin da suka rage. Amma duk da wannan aƙida, babu malami ɗaya da ya ce a saki mai kisan kai don mamacin ya cika ajalinsa. Ƙisasi yana nan, diyya tana nan, zunubi yana nan. Ashe ke nan cikar ajali da tabbatar alhaki abubuwa biyu ne da suke tafiya tare tun asali, ɗaya yana magana a kan ilimin Allah wanda bawa bai san abin da ke cikinsa ba, ɗaya kuma a kan aikin bawa wanda ya san shi sarai. Wanda aka rubuta zai mutu a hanyar Tawa an rubuta dalilin mutuwarsa tare da ita, kuma idan dalilin shi ne ganganci, to an rubuta gangancin a kan mai shi, za a kuma tambaye shi.

Shehu Muhammadu ɗan Yusuf Sanusi, malamin Tilimsan wanda ya rasu a 1490, kuma wanda littafinsa Ummul Barahina ya zama ginshiƙin karatun tauhidi a Afirka ta Yamma, ya raba hukunci gida uku, na hankali da na shari'a da na al'ada, kuma na ukun ne ya shafi mai mota kai tsaye. Hukuncin al'ada shi ne tabbatar da alaƙa tsakanin abu biyu saboda yawan ganinsu tare, kamar wuta da ƙuna ko abinci da ƙoshi, tare da yarda cewa wutar ba ta da tasiri na ƙashin kanta, kuma Allah yana iya saɓa al'adar idan ya so. Wasu sun ɗauki wannan bayani a matsayin izinin raina dalilai, alhali abin da yake nunawa shi ne al'adar tsari ce da Allah da kansa ya gudanar da duniya a kanta, saɓa ta kuwa mu'ujiza ce ga annabawa ko karama ga waliyyai, kuma babu wanda aka ba izinin ya gina tafiyarsa a kan jiran karama, balle ya ɗora rayukan fasinjoji a kan wannan jira.

Al'adar da Allah ya gudanar a kan ƙarfe da roba sananniya ce ga duk wanda ya nemi saninta. Motar da take gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, don haka kafin ƙafar direba ta bar totur ta isa birki ya riga ya shafe wannan tazara ko fiye, kuma idan aka ninka gudu sau biyu, nisan da birki yake bukata kafin mota ta tsaya yana ninkuwa sau huɗu. Taya kuwa, a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Ƙonni yake haura digiri 40 kuma kwalta ta fi iska zafi nesa, tana fashewa ne mafi yawa saboda ƙarancin iska haɗe da nauyin lodi, domin tayar da ba ta cika ba gefenta yana lanƙwashewa a kowane juyi, yana tara zafi har zaren cikinta ya rabu da roba; wannan ya sa ɗabi'ar sassauta iskar taya da bazara don gudun fashewa take jawo abin da ake gudu. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da suke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta, kuma tayar gwanjo tana iya zuwa da zane mai kyau alhali robarta ta bushe da tsufa. Man birki yana shan danshi a hankali, idan ya daɗe ba a sauya shi ba sai ya tafasa a lokacin da aka fi matsa masa, feda ta nutse ba ta kama komai ba. Juyen baƙin mai a kan lokaci, da duba ruwan lagireto, da tabbatar da cewa fitilun baya suna ci kafin a shiga hazon hunturu, duk ƙananan ayyuka ne da ba sa cin rabin yini, amma su ne iyakar da take tsakanin wanda ya yi abin da yake iyawa da wanda ya yi sakaci. Manomin albasa na Galmi ya yi imani cewa arzikinsa a rubuce yake, amma ba a taɓa ganin ya bar ban-ruwa da bazara yana cewa rabo ba ya wuce mai shi ba; imanin da bai hana shi tashi da asuba zuwa fadama ba bai kamata ya hana shi leƙa ƙarƙashin motar da za ta kai albasar kasuwa ba.

Tawakkali, wato dogaro ga Allah, shi ma an yi masa irin wannan gurguwar fahimta. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kasa dalilan kare kai daga cuta kashi uku a cikin littafinsa Ihya'u: waɗanda amfaninsu tabbatacce ne, kamar shan ruwa ga mai ƙishirwa, waɗanda ake kyautata zaton amfaninsu, kamar yawancin magunguna, da waɗanda amfaninsu tsammani ne kawai. Ya yanke cewa barin kashi na farko ba ya cikin tawakkali ko kaɗan, har ma haramun ne idan ana tsoron halaka. Birki mai kamawa yana cikin kashin farko ba tare da wata shakka ba, hular kwano ga mai babur da ɗamarar kujera ga mai mota kuwa suna kusa da shi ƙwarai, tunda an auna amfaninsu a ƙasashe da yawa an ga suna rage mutuwa da raunin kai. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito game da mutumin da aka umarta ya ɗaure raƙumarsa sannan ya dogara ga Allah kowa ya san shi, haka nan labarin Sayyidina Umar lokacin annobar Amwas, wajen shekara ta 18 bayan Hijira, sa'ad da ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham, Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya nuna masa cewa komawar ita ma ƙaddarar Allah ce. Addu'ar hawa abin hawa sunna ce mai girma, kuma rubuta sunan Allah a goshin mota alama ce ta zuciyar da take tuna Ubangijinta, sai dai babu ɗayansu da aka shar'anta don ya tsaya a madadin gyara.

A fagen fiƙihu maganar ta fi fitowa fili. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, wadda ɗalibai suke karantawa bayan Ahalari da Ishmawi da Iziyya, ta bayyana a babin jinane da haddodi cewa mai kora dabba daga baya, da mai janta daga gaba, da wanda yake bisa kanta, dukansu suna ɗaukar lamunin abin da ta taka. Lamuni kuwa shi ne wajabcin biyan ɓarnar da ta auku ta dalilin mutum, ko da bai yi nufinta ba. Idan shari'a ta kama mahayin doki, alhali doki yana da rai da son zuciya kuma yana iya yin tutsu, to kamun da za ta yi wa matuƙin ƙarfen da ba ya motsi sai an motsa shi ya fi ƙarfi. A kan wannan tushe ne Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, wadda Nijar take cikinta, ta yanke a zamanta na takwas a ƙasar Burunai a 1993 cewa bin dokokin hanya waɗanda ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne na addini, kuma direba yana ɗaukar lamunin ɓarnar motarsa sai a hali uku: idan wani abu da ya fi ƙarfinsa kuma ba ya iya kauce masa ne ya jawo haɗarin, ko aikin wanda aka cutar ne ya yi tasiri mai ƙarfi a ciki, ko kuskuren wani mutum dabam ne. Barci ba ya cikin waɗannan ukun, domin ko da an ɗauke wa mai barci zunubin abin da ya yi cikin barcinsa, ba a ɗauke masa lamuni ba, kuma wanda ya ji gyangyaɗi ya ci gaba da tuƙi, ko ya nemi korar barcin da ƙwaya irin tiramol, ya zaɓi haɗarin ne tun yana farke.

Ambaton mai jan dabba a cikin wannan hukunci yana buɗe ƙofar ƙiyasi a kan jan motar da ta lalace, abin da ake yi kullum tsakanin ƙauyuka da garejin Ƙonni, galibi da igiya ko sarƙa, saboda motar janwe ba ta samuwa a ko'ina. Wanda yake gaba yana matsayin mai ja, wanda yake riƙe da sitiyarin ta baya yana matsayin mahayi, kuma kowannensu yana da abin da ya wajaba ya sani. A yawancin motoci, idan inji ya mutu ƙarfin da yake taimaka wa birki yana ƙarewa bayan taku biyu ko uku, sitiyari ya yi nauyi, idan kuma an zare mabuɗi yana iya kullewa a tsakiyar kwana. Mota mai sauya giya da kanta tana lalacewa idan aka ja ta nesa tayoyinta suna ƙasa. Babbar mota mai birkin iska kuwa ba a janta sai da sandar ƙarfe. Igiya mai tsawo marar ƙyalle ko wata alama a tsakiyarta tarko ce ga ɗan kabu-kabun da zai ratsa tsakanin motocin biyu, musamman da almuru. Taimakon wanda motarsa ta mutu a daji aikin lada ne babba, amma kyakkyawar niyya ba ta ɗauke lamuni idan an yi aikin da jahilci, don haka wanda ya ja mota da gudu, ko da dare ba fitila, ko da igiyar da ya san ta ruɓe, ba ya da mafaka a cikin cewa taimako ya je yi.

Haka abin yake game da motar da ta tsaya a kan kwalta. Imam Malik ya bambanta a cikin littafinsa Muwaɗɗa tsakanin abin da mutum ya yi a hanyar jama'a wanda ya halatta gare shi, kamar tsayar da dabba na ɗan lokaci don wata bukata, da wanda bai halatta ba, kamar haƙa rijiya ko ɗaure dabba inda ba shi da izini, ya ce na biyun yana ɗaukar lamunin abin da ya samu mutane ta dalilinsa. Lalacewar mota larura ce, babu laifi a cikinta ita kaɗai, amma barin dogon baro a rabin hanya cikin duhu ba tare da alamar nan mai kusurwa uku mai ƙyalli ba, ko ajiye alamar dab da motar inda mai tahowa da gudu ba zai samu ko daƙiƙa biyu na taka birki ba, wannan ya fita daga larura. Abin da ya fi muni shi ne duwatsu da rassan ƙaya da yaran mota suke jerawa a matsayin alama, sannan idan gyara ya ƙare a tashi a bar su. Dutsen da aka tare taya da shi jiya shi ne yake kayar da mai babur yau, alhali hadisi ya ƙidaya kawar da abin cutarwa daga hanya a cikin rassan imani.

Adalci yana bukatar a faɗi cewa direba ba shi kaɗai ba ne a cikin wannan al'amari, kuma sau da yawa shi ne mafi rauni a cikin masu hannu. Malaman fiƙihu sun raba tsakanin mubashir, wanda ɓarna ta fito daga hannunsa kai tsaye, da mutasabbib, wanda ya shimfiɗa dalilinta, kuma sun ce na biyun yana ɗaukar lamuni idan ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci. Mai motar da direbansa ya gaya masa taya ta ƙare ya ce a lallaɓa zuwa ƙarshen kakar albasa, da ɗan kasuwar da ya matsa a ƙara buhuna bayan lodi ya cika, da jami'in da ya sa hannu a takardar binciken lafiyar motar da bai duba ba, da hukumar da ta bar rami ko gadar da ruwan damina ya cinye ba alama, kowannensu yana da kaso gwargwadon abin da yake hannunsa. Makanike ma yana ciki, domin mazhabar Malikiyya ta shahara da ɗora wa masu sana'a lamunin kayan da aka bar a hannunsu saboda maslahar jama'a, kuma wanda ya sa jabun kayan birki ya karɓi kuɗin na ƙwarai ya haɗa ha'inci da jefa rayuka cikin halaka. Talauci uzuri ne na gaske a abubuwa da yawa, yana iya sa mutum ya haƙura da tsohuwar mota mai tsagaggen gilashi da yagaggun kujeru, amma ba ya halatta ɗaukar fasinja a motar da mai ita ya san ba ta tsayawa, domin fasinja ya biya kuɗi ne a kan amana, bai kuma ga abin da ke ƙarƙashin motar ba.

Masu wucewa su ma akwai abin da ya hau kansu. Muhtasar na Shehu Halil, malamin Masar na ƙarni na 14, ya ƙidaya barin ceton rai ko dukiyar da take gab da halaka, ga wanda yake da ikon ceton, a cikin abubuwan da suke jawo lamuni, kuma wannan hukunci ya isa ya hana mutum wucewa ko tsayawa yana ɗaukar hoto da waya. Ceton kuwa yana da ilimi: a kashe injin motar, a sa alama nesa don kada wata ta afka wa taron, a kira 'yan kwana-kwana ta lamba 18 ko jandarmomi mafi kusa, a danne inda jini yake zuba da tsumma mai tsabta, a kwantar da wanda ya suma amma yana numfashi a kan gefensa, kada a fizgo wanda ake zaton ya karye a wuya ko gadon baya sai in ana tsoron wuta, kada kuma a ɗura ruwa a bakin wanda ba ya cikin hayyacinsa, duk da cewa tausayi ne yake sa mutane yin haka. Asibitin Galmi, wanda aka kafa a 1950 a bakin wannan hanya, da asibitin gundumar Ƙonni da babban asibitin Tawa, suna iya aiki ne a kan wanda ya iso da sauran numfashi, abin da ya faru a mintocin farko a bakin kwalta kuwa yana hannun talakawan da suka fara isa. Idan tankar mai ce ta kife, ceto shi ne korar mutane daga wajen, kuma fashewar da ta auku kusa da filin jirgin saman Yamai a watan Mayun 2019, wadda ta kashe fiye da mutum 50 da yawansu suna kwasar fetur, darasi ce ta musamman ga gari irin Ƙonni inda aka saba da fetur a jarka da kwalba har tsoronsa ya ragu a zukata.

Duk wannan bai kore ƙaddara daga matsayinta ba, kuma matsayin nata babba ne. Malamai sun ce ana kafa hujja da ita a kan musiba, ba a kafa ta a kan laifi. Uwar da aka kawo wa gawar ɗanta tana da cikakken haƙƙin ta ce haka Allah ya so, kuma wannan kalma ce take hana zuciyarta tarwatsewa. Direban da ya duba motarsa, ya yi gudu daidai, sannan raƙumi ya faɗo masa daga duhu inda babu mai iya kaucewa, shi ma yana da haƙƙin ya sami natsuwa da ita, kada ya kashe kansa da da-na-sani. Wanda ba shi da wannan haƙƙi shi ne mai sakacin da yake ara kalmar daga bakin waɗanda ya jefa cikin makoki don ya wanke kansa da ita.

Daga nan ne ya kamata a sake duba al'adar yafiya, wadda take da ƙarfi a ƙasar Hausa har wasu suna ganin karɓar diyya kamar sayar da jinin ɗan'uwa ne. Aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta wajabta abu biyu a kan kisan kuskure, diyya ga iyalan mamaci sai in sun yafe, da kaffara, kuma yafewar alheri ce da Alƙur'ani ya kira sadaka. Sai dai diyya, wadda malaman Malikiyya suka ƙayyade da raƙuma 100 ko dinari 1,000 ko dirhami 12,000, kuma aƙila, wato dangin mai laifi na wajen uba, suke haɗuwa su biya cikin shekara uku, dukiya ce da ake rabawa kamar sauran gado, matar mamaci tana da kasonta, 'ya'yansa ƙanana suna da nasu. Baffan da ya miƙe a wajen zaman makoki ya ce an yafe yana iya yafe nasa kason ne kawai, in yana da shi. Ba shi da ikon kyautar da haƙƙin maraya, kuma bai kamata a sa matar da take cikin takaba ta yafe don kunyar idon jama'a ba. Nijar tana cikin ƙasashen da suka rattaba hannu a yarjejeniyar inshora ta CIMA a Yawunde a 1992, wadda dokarta ta wajabta wa kowace mota inshorar biyan waɗanda ta cutar, saboda haka a lokuta da yawa iyalan da suka ƙi neman haƙƙinsu ba direba talaka suka sauƙaƙa wa ba, kamfani suka bar wa kuɗin da marayu suka fi kowa bukata.

Kaffara kuwa haƙƙin Allah ce, babu dangin da yake iya yafe ta, babu aƙila ko kamfanin inshora da yake ɗauke ta. Tunda babu bawan da za a 'yanta a wannan zamani, abin da ya rage shi ne azumin wata biyu a jere, kuma a wajen mafi yawan malamai tana maimaituwa gwargwadon adadin rayukan da suka salwanta, ta yadda direban da sakacinsa ya kashe mutum biyar ana binsa azumin wata goma, kowane wata biyu ba tare da yankewa ba. Wajibi ne limaman Juma'a na Ƙonni da Malbaza da Illela, da shugabannin ƙungiyoyin direbobi a tashoshin waɗannan garuruwa, su karantar da wannan babi ga duk wanda zai riƙe sitiyari kafin a miƙa masa mabuɗi.